Harbin Salansa a Bakin Rijiya

Ana saura kaɗan a kira magariba, ranar wata Talata, Garba bakanike ya sake murza makullin a-kori-kurar Jibrin a kangon bayan gidansa da ke Rigasa. Matarsa Yalwa tana tsakar gida tana kwashe tuwo, 'yarsu Shamsiyya kuma tana ɗebe shanya daga igiya. Babu abin da ya raba yammacin da sauran. Hayaƙin murhun maƙwabta ya kwanta a kan katanga, kaji suna neman wurin kwana, can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka sau ɗaya ya yi shiru.

Injin ya kama, yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Garba ya ɗan taka totur. Motar ta yi tari ta kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta saki harbi ta salansa wanda ya tashi tantabarun unguwar gaba ɗaya. Harshen wuta ya fito ta bayanta tsawon kamu guda, ya lashi tsohon kwanon rufi da aka rufe bakin rijiya da shi. Rijiyar ta ƙafe tun kafin su sayi filin, ba wanda ya taɓa leƙa ta. Shi dai Garba ya ja motar da baya har kusa da ita ne saboda nan ne katanga ta fi tsawo, masu wucewa ba za su hango shi ba.

Injin ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya yi nauyi, har ladanin ma kamar ya jinkirta.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin Yalwa. Ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da murhu. Na biyu ya biyo shi, sannan na uku.

"Yaran nan ba su da tarbiyya," in ji Yalwa. "Shamsiyya, leƙa ki ga su wane ne."

Shamsiyya ta leƙa lungu, ta dawo ta ce ba kowa. Ta duƙa ta ɗauki dutse ɗaya, nan take ta sake shi, ta goge hannu a zani. Dutsen jiƙe yake sharkaf, sanyi ƙalau, da gansakuka kore a jikinsa. Mako uku ke nan ba a yi ruwa ba a Kaduna.

Shekara talatin da huɗu Garba ya yi yana gyaran Fijo a wani gareji na bakin titi. Garba Kunne ake ce masa, domin ba ya buƙatar na'ura kafin ya saita tayimin. Aikin kuwa a baki ba wuya. Dole tartsatsin fulogi ya iso daidai lokacin da fistin ya kusa ƙurewa sama. In wutar ta riga lokacinta, sai ta koma da baya ta kafireta, mota ta yi tari. In ta makara, ɗanyen mai ya tsere cikin salansa, ya fashe a can kamar bindiga. Akwai wata 'yar tsaga a jikin fuli, faifan da ke juyawa a gaban inji, wadda ake dubawa a daidaita, amma shi Garba ya daɗe da daina kallonta. Sai ya kwance ƙusar distiributa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta, ya riƙa juya ta da yatsu biyu, kansa a karkace, idonsa a rufe, har injin ya kwantar da murya. Rabin kanikawan garejin a hannunsa suka koya.

Abin da ba wanda ya sani, har Yalwa, shi ne shekara biyu ke nan kunnen nan ya fara tafiya. Da farko na hagu ne, daga baya na dama ya bi shi. Idon ma ya bi sahu, ƙananan abubuwa sun zama hazo. Ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi gyaɗa kai da dariya a inda ya ga ana dariya. Yalwa ta ɗauka miskilancin tsufa ne.

Jibrin kuwa magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, da wannan tsohuwar a-kori-kura yake ɗauko wa mata 'yan gwari tumatir da tattasai daga ƙauyuka. Canjin gasket, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, kawai ya kawo ta. Garba ya yi aikin, ya mayar da komai, ya zo saita wuta, ya karkata kai ya rufe ido, sai ya ji injin kamar daga ƙarƙashin bargo. Ya juya distiributa ya ɗaure a inda ya yi zato. Tun daga ranar motar take harbi.

Ya san inda ciwon yake, ya sani sarai. Amma ya duƙa ya nemi tsagar fuli bai gan ta ba, kuma bakinsa ya ƙi buɗewa ya ce wa wani cikin waɗanda ya koya wa aiki ya zo ya duba masa. Sai ya koma kan kafireta, ya wanke ta sau uku. Ya canja fulogai, ya canja kwantak, ɗan ƙarfen da ke kunna wuta a cikin distiributa. A rana ta tara, gareji cike da mutane, Jibrin ya tsaya a kansa ya ce, "Baba Garba, don Allah wai me ke damun motar nan ne? Ko mu kira wani ya taya ka dubawa?"

Garba ya ga kanikawa sun ɗago kai. Ya goge hannu da tsumma a hankali.

"Wannan ba aikin ƙarfe ba ne," ya ce. "Ka tuna inda kake ajiye ta in ka je ƙauye. Motar nan akwai iska a cikinta."

Da yake shi ne ya faɗa, ba wanda ya yi musu. Kafin kwana biyu maganar ta kai tashar 'yan gwari. Matan suka ce ko an gyara ta ba za su ƙara ɗora kwandonsu a kanta ba. Masu motoci suka ƙi ba Jibrin ko da tuƙin rana ɗaya, wai ba a san abin da ya kwaso ba. Shi kuma Garba ya ce zai kai ta gida ya gwada wata dabara, ya shigar da ita kango, yana lallaɓa ta da yamma in ya taso daga aiki, lokacin da ba idon kowa.

Ranar Laraba ya sake tayar da ita a daidai wannan lokaci. Ta yi harbi biyu. Duwatsu bakwai suka sauka. Yalwa tana alwala a bakin ƙofar da ke fita kangon, sai ta ji an kira sunan mijinta, muryar tsohuwa, a hankali, kamar daga cikin tulu.

"Garba."

Ta ɗaga kai. Yana duƙe cikin bonet, bai motsa ba. Aka sake kira, aka kuma sakewa. Bai ɗago ba. Yalwa ta bar butar a wurin ta shige ɗaki da baya, tana ta addu'a. Da ta gaya masa bayan isha'i, sai ya ce rediyon maƙwabta ne.

"Malam, ka fitar da motar nan daga gidan nan," in ji Yalwa.

"In na gama zan fitar."

Ranar Alhamis Shamsiyya ce ta kai masa ruwan alwala. Budurwa ce mai shekara ashirin, mai natsuwa, tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya. Ta zagayo ta bayan motar, tsakanin salansa da rijiya, daidai lokacin da ya taka totur. Harbin ya tashi. Da ya fito daga motar ya same ta a tsaye, butar a ƙasa ruwa yana malala, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, tana kallonsa da wani ido wanda bai taɓa gani a fuskarta ba. Sannan ta sulale.

Daga ranar Shamsiyya ta daina magana. Tana zaune a kusurwar ɗaki, fuska ga bango, tafukanta a kan kunnuwa. An kai ta asibiti, an auna jini, an duba ido, aka ce ba a ga komai ba. Da rana takan karɓi kunu kaɗan. Amma da zarar inuwa ta cika tsakar gida, sai ɗakin ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, bayanta ya ranƙwafa kamar na mai shekara tamanin, ta juyo da fuskarta, ta riƙa maimaita kalma ɗaya da muryar da ba tata ba.

"Maƙaryaci. Maƙaryaci."

Ba wanda ya san da wa take. Garba da ke tsaye a bakin ƙofa yana kallon leɓenta, shi ya sani.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda unguwa ta karɓi labarin. Ko'ina cewa ake, ai ga shi, Garba Kunne ya faɗa tun farko, iskar motar ce ta kama 'yarsa. A masallaci ana riƙe hannunsa ana jinjina masa, wai mutum ne mai gani har hanji. Yana amsawa da "Allah ya kyauta," kansa a ƙasa.

Ranar Asabar Jibrin ya zo. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsuguna a zaure a gaban Garba, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba Garba, ka yafe mini. Ni na kawo maka wannan masifa har cikin gida. Wallahi ban san inda na kwaso ta ba, na yi tunani har na gaji. Na yi magana da 'yan gwangwan, ranar Litinin za su zo su yanka ta. Gara in yi dako da in ga 'yarka a haka."

Hawaye yana zuba a gemunsa. Garba ya buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Tashi, Jibrin. Ƙaddara ce."

Da Jibrin ya tafi, ya shiga bayan gida ya daɗe bai fito ba.

Yalwa ce ta aika aka kira Malam Faruk daga Badarawa. Malamin makarantar islamiyya ne, siriri, mai ƙaramar murya, an san shi da ruƙiyya, an kuma san ba ya karɓar yanka ko turare. Ya iso ranar Lahadi bayan la'asar. Ya ce a rage mutane, amma matan maƙwabta sun riga sun cika bakin taga, maza kuma suna zaure. Jibrin yana rakuɓe a bakin ƙofa, shi ya roƙa a bar shi, tunda a ganinsa laifinsa ne.

Aka zaunar da Shamsiyya a tabarma, an lulluɓe ta da babban mayafi, Yalwa tana riƙe da kafaɗunta. Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, har rana ta sauka daga kan katanga, hasken ɗakin ya koma ruwan toka. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso. Yatsun ƙafar yarinyar suka fara motsi, sannan bayanta ya lanƙwashe, ta sauke hannuwa daga kunnuwanta a karon farko cikin kwana uku.

"Ya isa, malam. Ni ma ina karanta abin da kake karantawa."

Muryar tsohuwa ce, a dishe, ba gaggawa a cikinta. Matan bakin taga suka ja da baya.

"Wace ce ke?" in ji Malam Faruk.

"Maƙwabciyarsu ce. A rijiya nake. Ina nan tun ba a shimfiɗa layin dogo ba, tun nan duk dawa ce. Sun zo sun same ni, ban taɓa taɓa musu ko cokali ba. Tambayi matar gidan."

"Musulma ce ke?"

"Alhamdu lillahi."

"To me ya kai musulma jikin 'yar mutane?"

Kan yarinyar ya juya a hankali ƙarƙashin mayafi, har ya daidaita da inda Garba yake tsaye.

"Jikata ta haihu, yau kwana goma sha ɗaya. Wannan mutumin ya kawo bakin bindigarsa ya kafa mana a ƙofar ɗaki. Kullum magariba, lokacin fitarmu, sai wuta da tsawa. Jaririn ya daina kama nono. Na yi jifa don ya gane, bai gane ba. Na kira sunansa sau uku, ina tsaye kusa da shi kamar yadda kake kusa da ni. Matarsa da ke nesa ta ji. Shi bai ji ba."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Garba Kunne. Kunnen ya mutu tun bara waccan. Idon ma ya tafi. Ina kallonsa yana laluben ƙarfe da yatsa kamar makaho, yana share hawaye da tsumman mai."

Yalwa ta ɗago ta dubi mijinta. Garba bai ji duka ba, mayafi ya rufe leɓen. Amma ya ga yadda fuskoki suka juyo gare shi ɗaya bayan ɗaya, ya gane.

"Wannan lalura ce, ba laifi ba ce," in ji Malam. "Kuma ba hujja ba ce a kan yarinya."

"Wutar zan iya haƙura da ita, malam, sai mu kwashe mai jego mu kai ta wani wuri. Ƙazafin ne ban iya ba. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce mu ne a cikin motar. Me zan yi da ƙarfe mai warin fetur? Maganar ta zaga har ta iso wurin namu. 'Yan'uwana suka zo tun daga bakin kogi suna tambayata, wai ke ce kika shiga motar talaka kika hana 'ya'yansa abinci? Da tsufana. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba."

A bakin ƙofa Jibrin ya miƙe tsaye a hankali.

"An zalunce ki," Malam Faruk ya ce. "Ke kuma kin zalunci wadda ba ta san hawa ba. Kwana uku ba ta yi salla ba. Wa zai ɗauki wannan?"

Da muryar ta dawo, ta rage kaifi.

"Na sani. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa zuba mana ruwan zafi ba. Bakinta na ara, don shi kaɗai ne bakin da uban zai kalla. Zan fita. Amma a yanka mini baƙin bunsuru a bakin rijiya."

"Ba za a yanka ba. Kin san hukuncinsa, ke da kika ce kina karatu."

"To su tashi su bar gidan."

"Gidansu ne. Ki faɗi abin da yake haƙƙi, ki bar abin da yake fushi."

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi.

"Ya ɗauke motar daga ƙofata kafin magaribar gobe. Kuma ya wanke mu da bakinsa. A nan, yanzu, da kuma can inda ƙaryar ta kai."

Malam Faruk ya juyo ya fuskanci Garba sosai, ya ɗaga murya yadda zai ji, ya maimaita masa. Sannan ya ƙara da cewa, "Malam Garba, ba don ita za ka faɗa ba. Ko ba ta nema ba, haƙƙin bawan Allahn nan ne da ke tsaye a ƙofa. In gaskiya ta faɗa, ka faɗa. In ƙarya take, ka ce ƙarya take, ni kuma in ci gaba da karatu har ta ƙone."

Garba ya dubi tabarmar. Ya ga ƙafar 'yarsa ta leƙo daga mayafi, ta rame, lallen da ta sa na bikin ƙawarta bai gama gogewa ba. Ya zame jikin bango ya durƙusa.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce. Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, irin ta wanda ba ya jin kansa, har mazan zaure suka ji. "Babu komai a motar. Tayimin ne, ni na ɓata shi. Ba na ji, ba na gani, na ji kunyar in faɗa. Jibrin, ƙarya na yi maka. Jiya ka durƙusa a gabana kana kuka, na bar ka ka tafi da shi."

Jibrin ya dube shi, ya daɗe, sannan ya juya ya fita ba sallama.

"Na ji," in ji muryar. "Malam, ka ce wa yarinyar ta yafe mini. Assalamu alaikum."

Malam ya amsa, ya karɓi alkawarinta cewa ba za ta dawo ba, ya ci gaba da karatu. Shamsiyya ta yi atishawa sau uku, ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu ya karkaɗa ya tsaya, jikinta ya saki a hannun uwarta. Daidai nan aka kira magariba. Ta buɗe ido ta ce, da muryarta, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Garba bai je masallaci ba ranar. A ɗaki ya yi salla.

Washegari da hantsi Jibrin ya zo, shi kaɗai, ba 'yan gwangwan. Bai gaida Garba ba. Suka tura motar su biyu, suka fitar da ita daga kangon zuwa bakin layi, cikin rana, inda kowa ke wucewa. Garba ya buɗe bonet, ya ciro guntun alli daga aljihu, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Idonka zan ara. Ka goge fulin nan da fetur. Akwai 'yar tsaga a bakinsa, in ka gan ta ka shafa mata alli."

Jibrin ya karɓa. Ya duƙa ya goge baƙin mai na shekaru, ya samo tsagar, ya shafa. Garba ya cire fulogi na ɗaya, ya toshe ramin da babban yatsa, ya ce masa ya juya injin da sifana a hankali. Da iska ta turo yatsan ya ce, "Yanzu sannu, har allin ya zo daidai da alamar da ke jikin ƙarfen." Jibrin ya ce ya zo. Garba ya cire hular distiributa ya miƙa masa.

"Duba cikinta a rana. Ka gaya mini abin da ka gani."

Jibrin ya juya ta, ya ƙanƙance ido. "Akwai wani layi baƙi, siriri kamar gashi, daga wannan ƙarfen zuwa wancan."

Garba ya runtse ido. Tsagewa ce, wuta tana tsallakawa daga wayar wani fulogi zuwa ta wani, shi ya sa take tari ta gaba tana harbi ta baya. Sau nawa ya riƙe hular nan a hannunsa cikin makon nan biyu. Jibrin ya hau acaɓa ya je kasuwar Panteka ya samo wata. Da ya dawo, Garba ya haɗa ɗan ƙwan fitila da waya a jikin kwantak, ya buɗe makulli, ya sassauta ƙusar distiributa. Sai da ya juya ta kusan faɗin yatsa biyu, saboda nisan da wutar ta yi da makara.

"In ƙwan ya kama ka yi magana."

"Ya kama."

Ya ɗaure ƙusar, ya mayar da fulogi da wayoyi, ɗaya, uku, huɗu, biyu. Jibrin ya shiga ya murza. Bugu ɗaya ta tashi. Garba ya ɗora tafinsa a kan inji ya ji karkarwar ta kwanta, amma bai yarda da kansa ba.

"Taka ta sosai ka saki. Me kake ji?"

Jibrin ya taka ya saki, ya sake takawa. Ya leƙo ta taga, ya kalle shi, ya buɗe baki sosai yadda zai karanta.

"Lafiya lau. Aikin awa ɗaya, Baba Garba. Awa ɗaya."

Garba ya rufe bonet. Ya zagaya ya shiga gefen mai zaman banza, suka nufi tashar 'yan gwari.

Tashar cike take, ana ta sauke kwanduna. Da aka ga motar, mata suka fara janye kayansu. Garba ya fito, ya cire hula, ya tsaya a jikin bodin. Ya faɗi abin da ya faɗa jiya, bai rage komai ba, ya ƙara da cewa duk wanda ya kai maganar farko wani wuri, don Allah ya kai wannan ma. Wani direba ya yi dariya. Wata ta ce, "Kai, tsoho da kai." Bai ji ba, amma ya gani. Ya tsaya a wurin, hula a hannu, rana tana dukan furfurarsa, har wata dattijuwa mai tattasai ta tashi ta jawo buhunan da ba komai a cikinsu ta wurga a bayan motar, ta ce wa Jibrin gobe da asuba za su ƙauye, kada ya makara.

Jibrin ya ce zai mayar da shi gida. Garba ya ce a'a, zai taka. Har ya juya, Jibrin ya riƙo hannun rigarsa.

"Ban huce ba, Baba. Amma ka je asibitin kunne. Ni zan kai ka."

Da ya isa gida la'asar ta yi sanyi. Shamsiyya tana zaune a tabarma a tsakar gida, an yi mata wanka da kitso, tana shan fura a hankali. Yalwa ta shige madafa da ta gan shi, tun jiya ba ta yi masa doguwar magana ba. Ya zo zai wuce ɗaki, sai ya ga leɓen yarinyar yana motsi. Ya tsaya.

"Ɗaga murya, uwata. Ba na ji sosai."

Ta dube shi da mamaki, ta ɗaga.

"Baba, na tambayi Umma, na tambayi maƙwabta, kowa sai ya kau da kai. Ban tuna komai ba. Me na faɗa ne jiya? Wani abin kunya na yi?"

Garba ya ajiye hularsa a kan turmi. Ya cire takalma, ya zauna a ƙasa a gefen tabarmar, ba a kanta ba.

"Ba ke kika yi ba," ya ce. "Ajiye kofin. Gara ki ji daga bakina."